Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Janar Mai Zurfin Ciki

Makon jiya mun tsaya a saukata Landan cikin sanyin farkon 1979. Sai da rana ta fara leƙowa a watan Yuni na soma fita yawo.

Wata Lahadi maƙwabcina, wani kyaftin Bazazzage da ya zo kwas, ya ja ni kallon canjin masu gadi a Fadar Buckingham. Ni dai jajayen riguna da dogayen huluna nake gani. Sai ya taɓa ni ya ce, "Malam, dubi maɓallansu bibbiyu, ga jan gashi a gefen dama na hula. Rundunar Coldstream ke nan, yaran Janar Monck."

A kan benci ya warware mini zance. George Monck ɗan Devon ne, haifaffen 1608. A yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa, ɓangaren Sarki Charles na Ɗaya ya fara tsaya wa, aka kama shi a Nantwich a 1644, ya shafe fiye da shekara biyu tsare a Hasumiyar Landan. Da ya fito sai ya koma ɓangaren majalisa. Yana tare da Cromwell, jagoran sojojin majalisa, a yaƙin Dunbar a 1650, shekarar da ta biyo baya kuma dakarunsa suka yi ɓarna a Dundee, abin da kyaftin ya so ya tsallake, ni kuwa na riƙe.

Bayan mutuwar Cromwell, janar-janar suka shiga cin dunduniyar juna. Monck ya taso daga ƙauyen Coldstream a farkon Janairun 1660, ya shiga Landan ranar 3 ga Fabrairu, ya bar kowane ɓangare yana zaton nasa ne. Ga bindiga a hannu, ga gadon mulki ba kowa. A watan Mayu sai ga shi a gaɓar Dover yana tarbar Charles na Biyu, ɗan Charles na Ɗaya, don ya hau gadon sarauta.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ai jemage ne, ba tsuntsu ba dabba."

Ya yi dariya. "To kai a ganinka namu zai miƙa mulki a Oktoba?"

Na ce sam, soja bai sakin nama a baki. Muka ƙulla: wanda ya faɗi shi zai yi girki wata guda. Obasanjo ya miƙa wa Shagari ranar 1 ga Oktoba, ni kuwa ko ruwan zafi ban iya dafawa ba.

Yadda tuwona na farko ya tada ƙararrawar gobara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.