Intabiyun Zama Ɗan Ƙasar Amurka: Fom Ɗinka Ne Babbar Jarrabawar

Yawancin masu jiran intabiyun zama ɗan ƙasa a Amurka suna ƙarar da ƙarfinsu kaf a kan haddar tambayoyin tarihi da tsarin gwamnati. Sanatoci nawa ne? 100. Sau nawa aka yi wa tsarin mulki gyara? Sau 27. Haddar ba laifi ba ce, sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Wannan ɓangaren mintoci kaɗan yake ci. Mafi yawan zaman da za ka yi a gaban jami'in USCIS, hukumar shige da fice da ba da takardar zama ɗan ƙasa, zai tafi ne wajen bin fom ɗinka na neman zama ɗan ƙasa, N-400, layi bayan layi, kuma a cikin wannan hirar ce ake auna Turancinka na baki, ba tare da wani ya ce maka an fara jarrabawa ba.

Bari mu soma da zaman jira, domin tun daga nan wasu ke ɓata rawarsu da tsalle.

Bayan ka tura fom ka biya kuɗi (tun Afrilun 2024, dala 710 ne ta intanet, dala 760 a takarda, akwai kuma ragi ko yafiya ga masu ƙaramin ƙarfi), za a aiko maka da takardar shaidar karɓa, I-797C. Lambar da ke jikinta, mai haruffa uku da alƙaluma goma, da ita za ka riƙa duba inda aka kwana. Ka adana takardar nan da kyau. Ita ce ke ƙara wa girin kad ɗinka, wato katin izinin zama na dindindin, wa'adin wata 24 idan ya ƙare kana cikin jira, matuƙar ka haɗa su biyu wajen nunawa. Daga nan sai ɗaukar hoton yatsu, ko da yake wani lokaci hukumar kan yi amfani da wanda ta ɗauka a baya, ta aiko maka da sanarwa kawai. Tsawon jiran ya danganta da ofishin da ke kula da yankinka, kuma hukumar tana wallafa ƙiyasin kowane ofishi a shafinta. Don haka kwatanta kanka da abokinka da ke wata jiha, wai shi an kira shi kai shiru, ɓata rai ne kawai.

Abu biyu ne suka fi yi wa mai jira illa. Na farko, ƙaura. Doka ta ba ka kwana 10 ka sanar da USCIS sabon adireshinka, ta fom AR-11 ko ta asusunka na intanet. Sanar da gidan waya kaɗai bai wadatar ba. Idan takardar gayyata ta tafi tsohon gida ba ka je ba, kuma ba ka rubuto dalili ba, za a rufe fayil ɗinka; in shekara ta cika ba ka nemi a buɗe ba, shi ke nan, sai sabon fom da sabon kuɗi. Na biyu, doguwar tafiya. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an tura fom an gama lissafin zama a ƙasa. Ba haka ba ne. Sharaɗin zama ba yankewa yana nan a kanka har ranar rantsuwa. Tafiyar da ta wuce wata shida tana sa a ɗauka ka yanke zamanka, sai ka kawo hujjar cewa aikinka da gidanka da iyalinka suna nan. Wadda ta kai shekara kuwa ta yanke shi gaba ɗaya. Gajeriyar tafiya ba matsala, amma ka rubuta ranar fita da ranar dawowa a wani wuri, don za a tambaye ka.

Wanda ya nema ta hanyar auren ɗan ƙasar Amurka, wato bayan shekara 3 da girin kad maimakon 5, yana da ƙarin abin lura: dole auren ya ci gaba har ranar rantsuwa. In aka rabu kafin nan, damar shekara ukun ta faɗi.

Sai jarrabawar kanta. Da farko ka tabbatar wace iri ce taka, domin yanzu iri biyu ne, kuma ranar da ka tura fom ce ke raba gardama, ba ranar intabiyu ba. Wanda ya tura kafin 20 ga Oktoba, 2025, yana kan tsarin 2008: tambayoyi 100 zai karanta, a yi masa har 10, ya ci 6. Wanda ya tura daga wannan rana zuwa gaba yana kan sabon tsari: tambayoyi 128, a yi masa har 20, ya ci 12. Da baki ake yi, babu zaɓi tsakanin amsoshi huɗu, kuma da ka cika adadin da ake so jami'in zai tsaya. Tunda da kunne za ka karɓi tambayar, karatu da ido kaɗai ba ya isa. Ka sa wani ya riƙa jefo maka su a hargitse, yana sauya murya da sauri. Wanda ya haddace su a jere kamar karatun allo, da zarar an ɗauko masa ta 73 kafin ta 12 sai kai ya kulle.

Wata dabara da ke rage wahala: inda tambaya take da amsoshi da yawa kuma ɗaya ake nema, zaɓi wadda ta fi sauƙi a harshenka ka tsaya a kanta. Ba a ba da ƙarin maki don ka jero biyar. Lambobi kuma ka haɗa su wuri ɗaya, don su ne ke rikiɗewa: sanata shekara 6, ɗan Majalisar Wakilai shekara 2, shugaban ƙasa 4, wakilai 435, alƙalan Kotun Ƙoli 9, shelar 'yanci 1776, rubuta tsarin mulki 1787. Akwai kuma amsoshin da ke sauyawa da zaɓe ko da wurin zamanka, irin su sunan shugaban ƙasa da mataimakinsa, Kakakin Majalisar Wakilai, gwamnan jiharka, sanatocinta, da ɗan majalisar mazaɓarka. Waɗannan ka sake duba su a makon intabiyu. Tsohon bidiyon YouTube zai iya koya maka sunan wanda ya daɗe da sauka.

Karatu da rubutu sun fi komai sauƙi. Jimla ɗaya daidai daga cikin uku ake nema a kowanne, kuma hukumar ta fitar da jerin kalmomin da ake gina jimlolin da su. Galibi a kan allon kwamfutar hannu ake rubutun, da alƙalaminsa mai santsi, don haka ka gwada hannunka a kan irinsa tun a gida. Ƙaramin kuskuren harafi ba ya kayar da mutum in ma'ana ba ta sauya ba, amma kada ka taƙaita kalmar da aka faɗa maka.

Dattawa suna da sassauci. Mai shekara 50 da ya yi 20 da girin kad, ko mai 55 da ya yi 15, an ɗauke masa Turanci. Zai amsa tambayoyin gwamnati da harshensa, amma shi zai zo da tafintansa. Mai 65 da ya yi 20, tambayoyi 20 kacal zai karanta. Wanda wata lalura ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi koyo, likita ne zai cika masa fom N-648.

To, mu dawo kan fom ɗin, wanda a ganina ya cancanci kashi biyu cikin uku na lokacin shirinka. Abin da ke faruwa shi ne, wani ne ya cika wa mutum, ko shi ya cika watanni da yawa baya ya manta abin da ya rubuta. Ya shiga, ya ɗaga hannun dama ya yi rantsuwar faɗin gaskiya, sai a tambaye shi yaushe ya bar aikin kaza, ya faɗi watan da ya saɓa da na takarda. Kuskuren wata ba zunubi ba ne, ana gyara shi nan take. Amma in saɓanin ya yi yawa, jami'in zai fara tunanin ko dai ba ka jin tambayar, ko akwai abin da kake ɓoyewa, kuma ko wanne ba alheri ba ne. Ka buga kwafin fom ɗinka, ka bi adireshi da ayyuka da tafiye-tafiye da sunayen 'ya'ya da ranakun haihuwarsu, har sai ka iya faɗinsu da Turanci ba gargada.

Ɓangaren da ya fi nauyi shi ne jerin tambayoyin "ka taɓa…?" Kalmar "ever" da ke cikinsu tana nufin tsawon rayuwarka ne, a Amurka ko a wajenta, ba shekara biyar ɗin baya kaɗai ba. Ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne? Ka taɓa yin rajistar zaɓe ko jefa ƙuri'a? Wannan tarko ne babba, domin a ofishin lasisin tuƙi akan miƙa wa mutum takardar rajistar zaɓe ya sa hannu bai lura ba, kuma abin yana iya kai wa ga kora daga ƙasar, ba hana takarda kaɗai ba. An taɓa kama ka ko tuhumarka? Ko da an kori ƙarar ko an goge ta daga kundin kotu, sai ka faɗa, ka kuma zo da takardar hukuncin mai hatimin kotu. Ana bin ka haraji? Bashin kansa ba ya rufe ƙofa in kana da yarjejeniyar biya da hukumar IRS da shaidar kana biya. Kana ba da kuɗin kula da 'ya'yan da ba sa tare da kai? Namiji da ya zauna a ƙasar tsakanin shekara 18 da 26, ya yi rajistar Selective Service, wato rajistar mazan da za a iya kira aikin soja in buƙata ta taso? Akwai tambayar auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, wadda dokar shige da fice ke ɗauka da zafi. Akwai ta wiwi: ko jiharka ta halatta, a dokar tarayya haramun ce, kuma USCIS dokar tarayya take bi. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya shafa, ya ga lauyan shige da fice kafin ranar, ba bayanta ba. Lauya yana da damar shiga ɗakin tare da kai.

Kada ka haddace "a'a, a'a, a'a" kawai. Jami'in yana iya tsayawa ya ce ka bayyana masa ma'anar wata kalma, kuma a ƙarshen jerin tambayoyin suna juyewa zuwa waɗanda amsarsu "e" ce: kana goyon bayan tsarin mulki, ka yarda ka yi rantsuwar biyayya. In ba ka ji ba, ka roƙa a maimaita ko a sauƙaƙa; an yarda da hakan. Ƙarya kuwa bayan ka yi rantsuwa, ko a kan ƙaramin abu ce, ita kaɗai ta isa a hana ka, kuma in ta fito daga baya ana iya ƙwace takardar zama ɗan ƙasar.

Ranar tafiya ka riƙe takardar gayyata, girin kad, katin shaida na jiha, da duk fasfo ɗinka har da waɗanda suka ƙare. Ka ƙara da takardun aure da na saki, bayanan haraji, kuma duk takardar da ba da Turanci take ba ta zo da fassararta da sa hannun mai fassara.

Kafin ka fita za a ba ka fom N-652 mai ɗauke da sakamako. In ka faɗi wani ɓangare, za a sake kiranka tsakanin kwana 60 zuwa 90, kuma ɓangaren da ka faɗi kaɗai za ka maimaita. Faɗuwa ta biyu ce ke jawo ƙin amincewa. In takarda ce ta rage, za a rubuta maka abin da ake so da wa'adin kawo shi. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya nemi a sake duba lamarinsa da fom N-336. In kuma kwana 120 suka wuce bayan intabiyu ba hukunci, doka ta ba ka damar kai maganar kotun tarayya.

Cin intabiyu bai mai da kai ɗan ƙasa ba tukuna, sai ka yi rantsuwa. Wasu ofisoshin kan yi ta a ranar, wasu su aiko da fom N-445 mai ɗauke da rana da wuri. A jikinsa akwai tambayoyi kan abin da ya faru tun bayan intabiyu: aure ko saki, tafiya, kamu. A wurin za ka miƙa girin kad ɗinka a ba ka takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Kafin ka bar zauren, ka duba rubutun sunanka da ranar haihuwarka harafi-harafi, domin da wannan takardar za ka nemi fasfo, kuma gyaran da za a karɓa a wurin, in ka tafi gida da shi sai ka cika fom N-565 ka koma layin jira.