Rigar katifa da kuɗin cizo: aikin yau a Anguwan Rogo

Asabar, Jos. Hazo tun asuba.

Aikin yau gida ɗaya ne a Anguwan Rogo, ɗaki biyu, katifa uku: babba ta ɗakin uwargida, mai faɗin ƙafa huɗu da rabi ta ɗakin 'yan mata, sai 'yar ƙaramar da yaron gidan ya dawo da ita hutu daga makarantar kwana. Kuɗin cizo ya kama duka ukun. Kafin a kira mu, masu aikin kashe ƙwari, an riga an yi abin da kowa ke yi, an shanya katifu a rana, an yayyafa kananzir, an fesa fiya-fiya. Cizo ya lafa kamar mako guda, ya dawo. Haka kuwa zai yi, domin feshi yakan kashe wanda ya taɓa ne kawai, ƙwai kuma na nan manne a lungu, kuma cikin kwana 6 zuwa 10 yake ƙyanƙyashewa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, ta kai ɗaruruwa kafin ta mutu. Ita shanya a rana ba ta kai zafi cikin soso ba. Sama ta yi zafi, ƙwaron ya gangara ƙasa inda ke da sanyi ya jira. Balle ranar Jos a hunturu.

Da hantsi muka fara dubawa, da tocila da tsohon katin ATM. Babban kuɗin cizo bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, falale ne kamar ƙaramar kaska, kuma duk tsagar da bakin katin zai shiga shi ma zai shiga. Sabon ƙyanƙyasa kuwa kusan milimita ɗaya ne da ɗoriya, fari-fari, sai ya sha jini ake ganinsa sosai. Ba shi ake fara nema ba, kashinsa ake nema: ɗige-ɗigen baƙi a bakin ɗinkin katifa, wanda in aka goga masa jiƙaƙƙen tsumma sai ya baje ja-ja, don jini ne da ya narke. Sai ɓawon da yake saɓawa, tunda sau biyar yake saɓa kafin ya balaga, kuma kowace saɓa sai ya sha jini tukuna. A katifu ukun nan wurin ɓuyan iri ɗaya ne: ƙarƙashin igiyar ɗinkin gefe, kusurwoyi huɗu, da bayan takardar kamfani da aka ɗinka a jiki.

Uwargida ta so a fitar da babbar katifar a sayi sabuwa. Na ce, "Hajiya, a dakata tukuna a ga gadon." Da muka ɗaga katakon shimfiɗa, abin da ke cikin mahaɗar gadon ya fi na katifar yawa. Sabuwar katifa a kan wannan gado, makonni kaɗan za ta koma kamar tsohuwar. Ga kuma jan ta a tsakar gida ana zubar da ƙwari ɗaki-ɗaki, ga wanda zai tsince ta a bola ya kai wa iyalinsa. Katifar da sosonta ke da kyau ba a yar da ita saboda kuɗin cizo, riga ake sa mata.

Rigar da ake nufi ita ce mai rufe katifa ta fuska shida, sama da ƙasa da gefe huɗu, a ja zif a kulle. Wadda ake sayarwa mai roba a baki, da ke rufe sama da gefe ta bar ƙasa a buɗe, ta kare fitsari da gumi ce, ba ruwanta da wannan aiki. Ledar da katifa ke zuwa da ita daga kamfani ma ba ta yi, tana yagewa, tana sa zufa, kuma naɗe-naɗenta na kusurwa maɓoya ce. Ta ainihi yadi ce mai laushi a waje, a ciki an manna mata siririn shafe na roba wanda bakin ƙwaron ba ya iya hudawa. Aikinta biyu. Wanda ke cikin katifa ya shiga kurkuku, ba fita ba cizo, har yunwa ta kashe shi. Wanda ke waje kuma ya rasa ɗinki da lungun da zai ɓuya, sai fili fari sumul inda ɗigon kashi ɗaya ke bayyana. Shi ya sa fara ake saye, ko da mai gida ya fi son mai furanni. Ba magani a jikinta, ba ta kuma hana wanda ke cikin katakon gado hawowa ya ciji mai barci. Wanda aka sayar wa ita a kan cewa ita kaɗai za ta gama da matsalar, an cuce shi.

Awo ne wurin da aka fi yin asara. Katifar da muke kira shida da shida yawanci inci 75 ce a tsawo, 72 a faɗi. Mai huɗu da rabi 75 da 54. Rigunan da ake shigowa da su kuwa da awon Amurka aka yanka mafi yawansu: akwai 54 da 75, wadda ta yi wa mai huɗu da rabi daidai, akwai 60 da 80, akwai 76 da 80. Wannan ta ƙarshen ita ake tura wa masu shida da shida, sai ta bar rarar inci huɗu zuwa biyar tana lilo. Rarar nan naɗewa take yi, ƙwaro ya samu sabon lungu a waje, kuma ita ce ke maƙalewa a ƙusa ta yage. Kauri ma haka. Katifar Hajiya inci 12 ce, rigar da aka rubuta wa inci 9 zuwa 12 ta zauna mata. Da an matsa mata wadda ba ta kai ba, zif ɗin ne zai ɗauki nauyin, wata rana haƙoransa su rabu a tsakiya ba wanda ya lura. A sa tef a auna tsawo, faɗi da kauri, kada a dogara da sunan da mai shago ya kira.

Kafin mu zura ko ɗaya, sai da muka duba zif ɗin kowace riga a hasken taga. Wannan ne gaba ɗayan sirrin. Haƙoran su zama ƙanana, matsattsu, a ƙarƙashinsu kuma akwai leɓen yadi da ke tare su ta ciki. Sai ƙarshen zif, inda kan ke tsayawa. A zif na jaka ko na wando, in ka ja har ƙarshe akwai 'yar kafa da ke saura tsakanin kan da ɗinki, milimita biyu ko uku. Ga ƙwaro mai milimita ɗaya wannan ƙofa ce buɗe. Riga mai kyau tana da abin toshe wurin: ko wani ɗan soso da kan zif ke shigewa ciki, ko marfi mai mannewa da ke rufe shi, ko 'yar maɗauri da ake zura robar ɗaure waya irin ta masu gyaran lantarki a ɗaure kan don kada ya ja baya. Biyu daga cikin na yau suna da marfi. Ta ukun ba ta da komai, sai muka ɗinke kan zif ɗin da zare mai ƙarfi, muka manne wurin da salatef mai faɗi ninki biyu. Salatef yana ɗagowa da zafi da ƙura, don haka wannan kusurwa ce za a riƙa dubawa duk sati.

Akwai masu kai yadi wa tela ya ɗinka. Ban hana ba in babu hali, amma a san abin da ake nema: yadi mai shafen roba, ɗinki ninki biyu a juye ciki, ƙaramin zif da leɓe a ƙarƙashinsa. Atamfa ko yadin zanin gado ƙwaron yana cizo ta cikinsa, an yi aikin banza.

Zurawar ta mutum biyu ce, kuma a cikin ɗakin ake yi, ba a fito da katifar ba. An cire zanin gado da bargo an zuba a babbar leda an ɗaure baki nan take. An bi bakin ɗinkin katifar da buroshi mai tauri a kan shimfiɗaɗɗiyar leda, abin da ya zubo aka kwashe aka zuba a tafasasshen ruwa. Wanda ke da injin zuƙe ƙura ya fi, amma ya juye abin da ya zuƙa a leda ya ɗaure ya fitar a lokacin. Katifa ta zama busasshiya ƙarau. In an rufe ta da danshi, ko na ruwa ko na feshi, rigar ba ta barin ya fita da sauri, sai fumfuna da wari. Daga nan a tsayar da katifar a kan gajeren gefenta, a buɗe zif gaba ɗaya, a sa rigar daga sama a riƙa saukar da ita kaɗan-kaɗan, hagu da dama tare, kusurwa ta zauna a kusurwa. Ba a fizga. Yaron aikina ya cire agogo da zobe kafin ya taɓa, ƙaramar huda ɗaya ta isa ta ɓata riga. Da aka kulle, na rubuta ranar yau da alƙalamin maka a gefen zif.

Ranar nan da aka rubuta tana da muhimmanci, domin shekara guda cur rigar za ta yi ba a buɗe ba. Kuɗin cizo yana yin watanni bai sha jini ba, kuma sanyi ƙara masa juriya yake, jikinsa ya rage aiki ya daɗe a kan abin da ya sha. A garin da ke sama da mita 1,200 a kan tsauni, inda daren Disamba da Janairu ke sauka ƙasa da digiri 15, ni nakan ce a ƙara wasu watanni a kan shekarar. Abin da ke rusa wannan aiki a gidaje masu tsabta shi ne tsabtar kanta: bayan wata biyu a ga rigar ta yi dauɗa, a cire a wanke, a saki abin da aka tsare. Na ce wa Hajiya ko da Sallah ce ta zo kada a cire. A shimfiɗa zanin gado a kai, a wanke zanin. In akwai yaro mai fitsarin kwance a ɗora makintosh a saman rigar. In ta yi tabo a goge da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu. In ta yage a manne nan take, a sayo wata a zura a kanta, tsohuwar na ciki.

Bayan azahar muka koma kan gadajen, wanda shi ne rabin aikin da ba a so a biya. An kwance su gaɓa-gaɓa, an bi kowace mahaɗa da ramin noti da tafasasshen ruwa daga buta, an bar su sun bushe. Tsagogin katako an cike su da gam ɗin kafinta da aka kwaɓa da garin katako. Sai aka bi duk inda katifa za ta taɓa da tafin hannu: kan ƙusa da ya ɗago a buga shi ya nutse, sartse a goge da sanfefa, kan noti a rufe da tsumma da salatef. Yawancin rigunan da na gani sun lalace daga ƙasa suka yage, wurin da ba mai dubawa, lokacin da aka ja katifa a kan katako maimakon a ɗaga.

Gado ya matso daga bango kamar taƙi guda. Kuɗin cizo ba ya tashi, ba ya tsalle, da ƙafa yake zuwa yana bin ɗumi da numfashin mai barci, don haka duk hanyar da zai bi sai an yanke. Bargo kada ya taɓa ƙasa, gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa kada ya jingina da bango, a kwashe akwatuna da buhunan kaya daga ƙarƙashin gado. Kowace ƙafar gado ta zauna cikin ƙaramar roba mai santsi, ita kuma a cikin wata babba. Bayan babbar a naɗe shi da tsumma ko salatef na takarda don ƙwaron ya iya hawa, ya faɗa tsakanin robobin, inda aka shafa hodar jarirai siriri, ya kasa fita. A wannan lokaci na shekara ƙurar hunturu tana kwanciya a cikin robar ta ba shi wurin taka ƙafa, sai a riƙa gogewa ana sake hoda duk sati.

Katifar yaron ce ta fi wuya, don a ƙasa take kwana, ba ƙafar gadon da za a tare. Rigar za ta tsare na ciki, amma na gindin bango da ƙarƙashin ledar ɗaki zai hau kai tsaye. Na ba da shawarar a samo ko ɗan gadon ƙarfe ne. Akwatinsa da jakarsa ma mun zazzage su a kan farin zani, tunda ta nan aka fi shigo da ƙwaron, tare da kayan gwanjo da tsofaffin kujeru. Duk abin da aka sayo na hannu, a kasuwar Katako ne ko ta Taminus, a wanke shi da ruwan zafi kafin ya kwana a ɗaki.

Wanki kuwa zafi ne ke aiki, ba sabulu ba. Ruwa mai digiri 60 yana kashe babba da ƙarami da ƙwai. Mai ɗumi-ɗumi yana kashe manyan ya bar yawancin ƙwan, jiƙon kwana guda a ruwan sanyi ma haka. Manyan bargunan da muke rufa da su a nan suna shanye zafin ruwa da sauri, don haka ɗaya-ɗaya ake tsoma su a babban baho, a ƙara tafasasshe. Abin da ba ya son ruwan zafi a bi ɗinkinsa da dutsen guga a hankali. Wanda aka gama ya shiga sabuwar leda, ba wadda aka kwaso shi a ciki ba.

Maigidan ya dawo wajen la'asar ya tambaya ko a ƙara da Sniper a kan katifar kafin a kwanta. Na ce, "Alhaji, don Allah a bar wannan." Maganin gona ne, tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna barkatai, kuma ba abin da za a shafa inda fuska ke kwana ba ne. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake ta fi shi muni, da ta ji danshi take sakin iskar guba da ke ratsa ɗaki zuwa ɗaki, ta kashe mutane a cikin barci. Yawancin maganin sauro na gwangwani kuma kuɗin cizo ya saba da shi, sai dai ya tarwatsa shi zuwa falo. Kananzir wuta ce kawai ake ajiyewa.

Su ci gaba da kwana a ɗakunan. In aka ƙaura falo, ƙwaron zai bi su can, a sami ɗaki uku maimakon biyu. Nan da kwana 14 za a sake dubawa, lokacin duk ƙwan da ya tsira a waje ya ƙyanƙyashe: robobin ƙafar gado, ƙarshen zif guda uku, ƙasan kowace riga, da farin yadin ko sabon ɗigo ya fito. In robar da ke kusa da bango ce ta fi kamawa, to sauran suna gindin bango ko cikin soket, can za a koma da aiki.