TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Yawon ƙasashe da kuɗin burodi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda katin zamana na ƙasar Hangari ya fito bayan na gama zaryar ofis, to yau labarin abin da katin nan ya jawo min zan ba ku, don mutane da yawa sun tambaye ni wai ya aka yi ɗalibin da kullum yake kukan babu ya iya zagaya ƙasashe har yana ɗora hotuna.

Bari in fara da katin kansa. Ɗan ƙaramin kati ne na roba da zai shige walat, amma duk wanda yake da shi zai iya shiga sauran ƙasashen yankin Schengen ba tare da ya nemi wata biza ba, kwana 90 a cikin kowane kwana 180, sharaɗin kawai yawo ka je ba aiki ba. Schengen ɗin ma sunan wani ƙauye ne a Luxembourg inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985. Ingila ba ta ciki, Ayalan ma ba ta ciki, don haka masu cewa "tunda kana Turai ka leƙa Landan mana ka gaida wane" ku yi haƙuri, ita bizarta daban kuɗinta daban. Duk wanda ya taɓa bin layin neman biza da koren fasfo ɗinmu, a tambaye shi takardar banki a tambaye shi ko zai dawo, shi zai gane abin da na ji ranar da wani ɗan Zariya da ya riga mu zuwa ya ce min, "Malam, da katin nan tikiti kawai za ka yanka."

To amma fa kati ba ya biyan kuɗin mota. Tallafin karatun da muke samu, Stipendium Hungaricum, forint (kuɗin Hangari) 43,700 yake ba ɗan digiri na biyu a wata, in ka canza yuro ɗari ne da 'yan kai, a ciki za ka ci, ka sa kati a waya, ka sayi sabulu. Abin da ya cece mu shi ne a 2023, shekarar da na je, aka fito da wani tikitin wata da za ka hau jirgin ƙasa da bas a duk faɗin ƙasar, kuɗinsa forint 18,900 amma ɗalibi 1,890 kacal yake biya. Wato daga Debrecen inda muke, can gabas kusa da iyakar Romaniya, zuwa Budapest, babban birnin ƙasar, kusan kyauta ne, sai ɗan cikon kujera in jirgi mai sauri ka hau. Daga Budapest kuwa hanya a buɗe take ta ko'ina. Sauran kuɗin kuma daga baki muke cirewa, ka yi sati uku kana taliya da manja da ƙwai, duk wanda ya ce a je a ci shawarma ka ce kana da lacca.

Tafiyar farko Biyana muka yi, babban birnin Ostiriya, cikin watan Nuwamba. Mu uku ne, ni da ɗan Zariyan nan da wani ɗan Damagaram da ke karanta harkar noma, shi ne ma'ajinmu saboda shi in kuɗi ya shiga hannunsa sai da hujja yake fita. Muna idar da Juma'a muka wuce tasha da jakunkunan goyo. Abin da ke cikin tawa: burodi, dafaffen ƙwai, dabino, garin kwaki da suga da ƙuli-ƙulin da Umma ta ƙulla min tun daga gida, yaji a roba, sallaya mai naɗewa, sai robar ruwa da babu komai a ciki. Robar nan kar ku raina ta, ita ce butarka, don banɗakunan Turawa takarda ce kawai, kuma na tasha ma sai ka jefa sulalla kafin ƙofa ta buɗe.

Daga tashar Keleti ta Budapest zuwa Biyana awa biyu da rabi da ɗoriya ne, kuma da yake mun yanki tikiti tun da wuri ta intanet bai kai yuro ashirin ba. Ni duk a zatona zan ga shinge da sojoji a kan iyaka, har na fito da takarduna na riƙe tun muna nesa. Jirgi ya tsaya a Hegyeshalom, garin ƙarshe na Hangari, ya tashi, can sai ga 'yan sanda biyu suna bin tarago, suka karɓi fasfo da kati suka duba fuskata suka duba hoto suka miƙo min, shi ke nan wai na shiga wata ƙasa. Abin da ya tabbatar min ma saƙon da ya shigo wayata ne na kamfanin layi. Ɗan Damagaram ya ce shi tsakanin Maimujiya da Daura sai ya sauka daga mota ya fi a ƙirga, muka yi ta dariya har wata tsohuwa ta juyo tana kallonmu, muka shiga taitayinmu, don su jirginsu ba a hayaniya.

Masauki kuwa ba otal ba ne, irin ɗakin nan ne na matafiya mai gado sama da ƙasa, ku takwas a ɗaki ba wanda ya san wani. A nan na gane sallar Asuba a irin wurin nan sai da dabara. Ɗaki duhu, wani yana minshari, wani ya dawo ƙarfe uku yana tangaɗi ya kwanta da takalminsa, kai kuma kana lalube da hasken waya kana neman alƙibla a tsakanin gadaje biyu da ko sujada sai ka takure. Daga baya muka koma yi a ƙarƙashin bene. Sauran sallolin kuma ƙasaru muka yi abinmu tunda tafiyar ta wuce mil 48 kuma ba mu yi niyyar kwana huɗu ba, kuma wallahi sai a lokacin na san darajar wannan sauƙin, saboda a Nuwamba wajen ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a kan juna suke zuwa kana tsakiyar titi cikin sanyi.

Ranar Asabar ƙafa ce ta yi aiki. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Biyana babu ƙofar da za ta tare ka, ka shiga kawai, ɗan Zariya har ya fara cewa ai wannan sadaka ce, ma'aji ya ce a'a, masu duba tikiti ba sa sa kayan aiki kuma tarar ta haura yuro ɗari, wato alawus ɗinka na wata guda cur. Muka yanki na yini.

Mun je fadar Schönbrunn ta sarakunan Habsburg, mai ɗakuna 1,441, amma a waje muka tsaya don shiga ciki da kuɗi, lambun ne kyauta, muka hau tudun da ke bayanta muka hango gari muka sha gari a wajen, ina nufin garin kwaki, cikin kofin roba da ruwan famfo. Ruwan famfon nasu dai ban taɓa shan mai daɗinsa ba, daga duwatsun Alps ake janyo shi tun 1873. Babbar cocin Stephansdom da ke tsakiyar gari mun gan ta, mun ɗaga kai mun yi hoto mun wuce.

Inda muka daɗe wurare biyu ne. Na farko ofishin OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur. Ɗan Zariya ne ya nace sai mun je, wai Rilwanu Lukman ɗan garinsu ya riƙe babban sakataren ƙungiyar daga 1995 zuwa 2000, ni kuma na tuna masa marigayi Muhammad Sanusi Barkindo na Yola da ya riƙe daga 2016 har zuwa rasuwarsa a 2022, Allah ya jiƙansu. Ni ina tsammanin zan ga wani dogon bene mai ƙyalli, ashe gini ne madaidaici a wani layi mara hayaniya, in ba ka karanta rubutun jikinsa ba sai ka wuce. Na tsaya ina kallo ina cewa yanzu a nan ake zama a yanke ganga nawa Najeriya za ta haƙo, mu da muka shiga ƙungiyar tun 1971 kuma har yau in an ce layin mai kowa ya san me ake nufi. Ɗan Damagaram ya ce to ku da kuke da kujera a ciki ma ke nan.

Na biyu babban masallacin da ke bakin kogin Danube, wanda aka buɗe a 1979 da taimakon kuɗin Sarki Faisal na Saudiyya, da hasumiyarsa da ƙubbarsa sosai. A nan muka yi Azahar da La'asar, muka samu ruwan ɗumi na alwala, muka miƙe ƙafa a kan kafet kamar kar mu tashi. Abin da ya ba ni mamaki, garin nan sau biyu Turkawan Daular Usmaniyya suka yi masa ƙawanya, 1529 da 1683, ba su ci shi ba, amma kuma ƙasar ce ta amince da Musulunci a dokance tun 1912, bayan ta haɗe Bosniya cikin daularta. Yau in ka shiga kasuwar Brunnenmarkt Turkanci da Larabci za ka fi ji, kuma a can muka ci abincin kirki na farko, burodi da yankakken nama na Turkawa, da tabbacin halal ne, don a wannan yankin in ba ka tambaya ba alade har a cikin man girki. Da dare mun leƙa kasuwar Kirsimeti ta gaban ofishin magajin gari, fitilu ko'ina, kowa riƙe da kofi yana tururi, ɗan Zariya har ya miƙa hannu aljihu yana zaton shayi ne, ashe giya ce ake dafawa. Gasasshen dankali muka saya muka raba uku.

Lahadi da safe muka tarar duk shaguna a rufe, haka dokarsu take, sai na cikin tasha kawai. Muka hau jirgi zuwa Bratislava, babban birnin Sulobakiya, awa ɗaya, ko Kano zuwa Zariya ya fi nan nisa nesa ba kusa ba. Gari ne ƙarami da za ka gama tsakiyarsa da ƙafa kafin Azahar, ga fada mai hasumiya huɗu a kan tudu tana kallon Danube, ga wani mutum-mutumin tagulla na lebura da ya leƙo daga ramin kwata kowa sai ya tsuguna ya yi hoto da shi. Lokacin da Turkawa suka kama Buda, wato wani ɓangaren Budapest na yanzu, nan Bratislava sarakunan Hangari suka mayar da fadarsu, a nan ake naɗa su shekara da shekaru. Amma masallaci mai rajista babu ko ɗaya a ƙasar, don dokarsu ta ce sai addini yana da mabiya 50,000 kafin a yi masa rajista, Musulminsu kuma ba su kai ba. Tafiyar awa ɗaya tsakanin garin da ke da hasumiya da garin da sai a bayan wata bishiya muka shimfiɗa sallaya. Da yamma muka kamo jirgin Budapest, daga nan Debrecen, muka shiga ɗaki tsakar dare ga laccar ƙarfe takwas tana jira.

Daga wannan tafiyar abin ya zama jiki. Wata ran bas ɗin dare zuwa Prague don a huta da biyan kuɗin kwana, wata ran jirgin sama mai araha zuwa Italiya wanda tikitinsa bai kai kuɗin bas ɗin da zai kai ka cikin gari daga filin jirgi ba, jaka kuma ƙarama ɗaya tak aka yarda, sai ka ga mutum ya saka riga uku da wando biyu a jiki. Ni dai har yau ba na yarda da masu cewa sun san ƙasa kaza da kaza don sun kwana biyu a cikinta. Tasha ka sani, da dandalin tsakiyar gari, da shagon da ya fi araha. Mutanen ƙasar ba ka shiga gidan ko ɗaya ba, ko gaisuwarsu ba ka iya ba.

Matsalar da ban hango ba ita ce hotuna. Na ɗora guda huɗu a sitatus na WhatsApp, ina tsaye gaban fada cikin jaket ɗin gwanjo da na saya a Debrecen, ba wanda ya ga kofin garin kwakin da ke bayan kyamara. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kafin dare ƙanina ya turo hoton wayar da yake so, wani abokin firamare da rabona da shi tun muna gajeren wando ya turo lambar asusu, wata gwaggo ta aiko a faɗa min rufin ɗakinta yana yoyo. Sai ga kiran Umma.

"Kai yanzu karatu aka tura ka ko yawon duniya?"

"Umma hutun ƙarshen mako ne fa, kuma wallahi da kuɗin abincina na je."

"Au, yunwa kake zama da ita don ka je kallon gidan sarkin wasu? To Babanku ya gani, ya ce in gaya maka yana jiran sakamakon jarrabawa."

Baba bai kira ba, kuma duk wanda ya san Baba ya san rashin kiran ya fi kiran nauyi. Jarrabawar zangon farko kuwa saura sati uku a lokacin, ga wani kwas na lissafi da tun farkon zango ni da shi kallon-kallo muke, ga shi na riga na yanki tikitin Sifaniya na watan Janairu ba tare da na faɗa wa kowa a gida ba, don tun ina islamiyya nake jin labarin Andalus kuma na ƙudurta sai na ga Alhambra, fadar sarakunan Musulmin can, da idona. Yadda ta kaya tsakanina da kwas ɗin nan, da yadda na iya buɗe baki na faɗa wa Baba maganar tikitin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.