Abin da zaga gonakin bakin kurmi ya koya mini

A makarantar aikin gona an karantar da mu iri, taki, ruwa da maganin ƙwari, duka abubuwan da ke cikin iyakar gona. Da na kama aikin malamin gona a yankin da ba abin da ya saura na daji sai guntayen kurmi a bakin rafi, tambayar da na fi yi wa manomi ta zama: daga nan zuwa manyan itatuwa tafiyar minti nawa ce?

Dalili kuwa, ƙudan zuma ba amya kaɗai suke zama ba. Akwai ƙanana marasa harbi, irin su galla, da ke gida a kogon tsohuwar bishiya, akwai masu haƙa rami a ƙasa, kowacce ita kaɗai. Ƙananan nan ba sa nisa da gida. Gonar da ta yi musu nisa za ta yi fure fal, amma mai ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan ya yi ƙaranci, sai manomi ya ɗora laifin kan taki.

Binciken da ya fi zauna mini shi ne na wani masanin muhalli, Taylor Ricketts, da abokan aikinsa a ƙasar Kosta Rika da ke Amurka ta Tsakiya, wanda aka buga a 2004. Sun yi shi a wata babbar gonar gahawa, Finca Santa Fe, mai guntayen daji biyu a gefe. Gahawar Arabika tana iya yin 'ya'ya ko ba ƙwaro, amma duk da haka itatuwan da ke cikin kilomita 1 daga dajin sun fi bayar da amfani da kashi 20 cikin 100. Da aka lissafa, wannan ƙarin ya kai kimanin dala 60,000 a shekara.

Amma ba kuɗin ne ya kama hankalina ba. A shekara ta biyu ta binciken ƙudan zuman da muka saba da su sun ragu ƙwarai. A can nesa, ziyarar furanni ta faɗi da fiye da rabi. A kusa da daji kuwa da kyar aka ji, domin ƙananan na daji sun cike gurbin. Shi ya sa idan manomi ya ce mini, "Malam, ai na rataya amya, kurmin nan kuma na me?" nakan ce masa, "Baba, amyar tana da amfani, amma shekarar da zumar ta gudu fa?"

Akwai wata wutsiyar labari da ba a cika faɗa ba. Farashin gahawa ya karye, aka mayar da gonar nan ta abarba, wadda ba ta bukatar ƙudan zuma. A takarda, dajin ya tashi a banza ke nan. Tun daga nan nake taka tsantsan da kare kurmi da hujjar kuɗi kawai, don kasuwa tana juyawa cikin damina ɗaya.

Su ma itatuwan dajin suna jiran ƙwarin nan. Idan gibi tsakanin kurmi da kurmi ya fi ƙarfin tashinsu, bishiya sai ta riƙa barbara da 'yan uwanta na kusa, irin ya yi rauni, ko 'ya'yan su ragu. Wannan ba ya nunawa da wuri: iyayen suna tsaye kore shar, sai ka duba ƙarƙashinsu ka ga ƙanana ba su da yawa. A wajenmu kaɗanya ma haka take, an gani a Gana da Burkina Faso cewa 'ya'yanta sun dogara da ƙudan zuma. Yanzu in na je duba gona, nakan roƙi a daina feshi lokacin da fure ya buɗe, kuma a bar busasshiyar bishiya mai kogo ko da masu itacen girki sun sa mata ido.