Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Sandar da Ta Kwana a Ɗan Isa

Makon jiya na tsaya inda Kawu ya sauke ni a makarantar kwana a Zariya, ya ja kunnena in riƙe bakina a kan inda aka yanke mini cibiya. Wasu sun tambaya yaya aka yi ɗan unguwar Bagalam ta Maraɗi da ya fara da lakwal da faransanci ya ƙare da sandar ƙwallon gora, wato hoki, a hannu. Ai ba a Zariya na fara ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Maraɗi a zamaninmu ya san abin da muke yi a cikin gulbi in ruwa ya janye. Ƙodagon goriba ne ƙwallonmu, kowa da sandarsa mai lanƙwasasshen kai da ya saro a daji, a yi ta bugu har sai ƙwaurin wani ya fashe a watse. Ba alƙali, ba raga. Baba bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Ranar da zan tafi ma, a tasha, bai yi mini doguwar nasiha ba. Ya sa mini dala ashirin a aljihu ya ce, "Kai yaro, baƙo raɓa ne." Bai ƙarasa karin maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Haushi na ji a lokacin.

Malamin da ya gano ni Bapakistane ne, lissafi yake koyarwa. A shekarun nan makarantun Arewa cike suke da malamai daga Pakistan da Indiya. Wata yamma ya gan ni ina kora dutse da reshen darbejiya a bayan ɗakin cin abinci, ya kira ni, ya miƙa mini sanda ta gaske. Nan na gane ban iya komai ba. Fuska ɗaya kawai ake bugu da ita, mai faɗin, in ƙwallo ta koma hagunka sai ka murɗa sandar a hannu. In ta taɓa ƙafarka laifi ne. Ci kuwa ba ya zama ci sai an bugo daga cikin rabin da'irar da ke gaban raga. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, minti 35 sau biyu a wancan lokacin. Sati uku ina murɗa sanda a bayan aji har tafin hannuna ya yi kanta.

Malam yana da wata ambulan da ta sha jiki, a ciki akwai hoton da ya yanko daga jarida. Islahuddin ne, kyaftin ɗin Pakistan. Ba na jin akwai ɗan ƙungiyarmu da bai haddace tarihin mutumin nan ba, don kusan kullum sai mun sha shi kafin atisaye. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin duniya na farko a Basalona a 1971, ya samu azurfa a Olamfik na 1972, tagulla a na 1976. Sai 1978, yana kyaftin, suka kwashe kofi uku a shekara ɗaya: kofin duniya a Ajantina inda suka doke Holan 3 da 2, kofin zakaru a Lahor, da zinaren wasannin Asiya a Bankok. Amma abin da Malam ya fi so a wurinsa shi ne shot-kona. In an ba abokan gaba wannan bugun, masu tsaro suna tsayawa a bayan layi, ana turo ƙwallo sai mutum ɗaya ya fita da gudu ya tari mai bugu gaba da gaba. Ƙwallon nan kuwa dutse ce. Islahuddin shi ke fita, kuma sau da yawa yakan riga mai bugun isa. Malam yakan buga ambulan a tafinsa ya ce, "Kyaftin shi ne mai fita farko."

Ni na karɓi wannan aiki, ba don jarumta ba, don ba wanda ke so ne. Haƙorina na gaba da jikokina ke yi wa dariya, can na bar rabinsa, a filin wata makaranta a Kaduna. Da na zo hutu Inna ta gani, ba ta ce da ni komai ba, kun san ɗan fari ne ni, ko sunana ba ta kamawa. Goggo ta aika ta ce a faɗa wa "wancan" ya bar wasan mahaukata.

A 1982 Malam ya ɗaura mini ƙyallen kyaftin a dantse a gaban kowa. Akwai wanda ya sa rai, ɗan ajinmu, gadonsa na kusa da nawa. Ba zan kama sunansa ba, yana da ƴaƴa. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa gaskiya, wani dare da zazzaɓi ya kama ni ina sambatu da faransanci, ya tambaye ni, na ce daga Maraɗi nake, Jibiyar da ke takardata aikin Kawu ne. Ya rantse mini. Mun ci tuwo a kwano ɗaya shekara huɗu.

Na haɗu da shi a Katsina wajen wata ta'aziyya, shekaru da yawa bayan nan, ya yi tumbi, ya miƙo hannu yana cewa "kyaftin, kyaftin". Na gaisa da shi saboda gawa. An ce mini ya kai har sansanin ƙasa, amma benci ya yi ta dumamawa. Ban yi mamaki ba, mutumin da ke runtse ido in an zo shot-kona.

To, a watan Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda sati biyu su bar Najeriya. Mutane sun fi tuna ƴan Gana, amma mu ƴan Nijar ma mun cika motoci. A daidai lokacin sunana ya fito cikin waɗanda za su je horon ƙungiyar jiha. Kwana uku kafin tafiya aka kira ni ofis. Wani jami'i da ban taɓa gani ba ya ce in faɗi sunan mai unguwarmu a Jibiya. Na yi shiru. Ya ce in ƙirga kuɗi, na ƙirga, ya yi dariya ya ce harshena ya tona ni. Malam ya shigo ya yi ta roƙo da turanci, har gilashinsa ya cire. Shi ma baƙo ne, kwantiragi yake, me zai iya? Da dare ya zo ɗakin kwana ya ba ni sandarsa, wadda ya zo da ita daga gida.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, a lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, sai 1987 aka raba su. Sarkinmu na Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce masa, kakanninmu daga can suka taso bayan jihadi. A ƙasar kakana aka ce mini baƙo. Raɓa, in ji Baba.

A Ɗan Isa, bakin iyakar shiga Nijar, ƴan duwan, wato kwastan, suka riƙe sandar. Ɗaya ya juya ta ya ce makami ce, ɗaya ya ce haja ce sai an biya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta wasa ce." Ya ce wane wasa, a Nijar? Na ƙi tafiya in bar ta. Mota ta wuce da akwatina, na kwana a kan benci cikin sanyin hunturu, da asuba wani dattijo a cikinsu ya jefo mini ita ya ce in ɓace.

Na isa gida da hantsi. Baba yana zaure yana lissafin buhunan gyaɗa. Ya dubi haƙorina, ya dubi sandar, ya ce, "Rana ta fito ke nan." Ya ci gaba da lissafinsa. Na fi shekara ban gane cewa karin maganarsa ya ƙarasa mini ba.

A Maraɗi kuwa wa zan nuna wa? Gari ne na kokowa, garin Kantu da ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a 1975. Na gwada tara yaran samariya, muka yi sati biyu, suka koma ƙwallon ƙafa. Sai Buhari ya rufe iyaka a 1984, yunwa ta shigo, maganar wasa ta mutu. Shekarun da na yi a Arlit kuwa labarin wata rana ne.

A 2024 jikana ya nuna mini wasan Olamfik na Faris a wayarsa, fili shuɗi kamar an shimfiɗa darduma, ƙwallo na gudu ido ba ya bi. Na ce ya nemo mini Pakistan. Ya duba ya ce, "Kaka, ba su zo ba." Rabonsu da Olamfik tun 2012. Na tashi na shiga ɗaki. Sandar tana nan bayan ƙyaure, uwargida da ita take kaɗo mangwaro, na gaji da faɗa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Kawu ya zo ba Baba haƙuri, da abin da Goggo ta yi masa a tsakar gida.