Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsohuwar Mosko da Kiɗan Bach

Wanda ya karanta kashin da ya gabata ya san yadda na isa Mosko a 1984 domin karatun injiniyan ƙarafa, da yadda aka fara tsare mu shekara guda muna koyon Rashanci kafin a bar mu mu shiga darasin da ya kai mu. Malamar da ta koya mana harshen ba ta rabu da mu ba bayan mun bar ajinta, kuma ita ce, bayan wasu shekaru, ta saya mini tikiti da kuɗinta ta ce lallai in raka ta babban zauren Kwalejin Kiɗa ta Mosko da ke titin da a lokacin ake kira Herzen, inda mutum-mutumin Tchaikovsky, shahararren mai tsara kiɗan Rasha, yake zaune a ƙofa, domin a cewarta bai kamata baƙo ya bar Rasha bai ji Tatiana Petrovna tana kaɗa Bach ba. Haka mutanen Mosko suke kiranta, da sunanta da na mahaifinta, alamar girmamawa a wurinsu, amma duniya ta san ta da Tatiana Nikolayeva.

Mun ajiye rigunan sanyinmu a ƙasa kamar yadda kowa yake yi, muka hau sama muka zauna a ƙarƙashin hotunan manyan masu tsara kiɗa da aka jera a bangon zauren, malamata ta nuna mini na Bach a cikinsu. Da lokaci ya yi sai ga wata dattijuwa gajera mai jiki, wadda ta haura shekara 60, ta ɗaure gashinta a ƙeya, tana sanye da doguwar riga marar ado, ta tako dandamali a hankali, ta ɗan sunkuya wa masu tafi, ta zauna a gaban piyano babu takarda ko ɗaya a gabanta. Tun daga sautin farko har ta tashi ban ga ta girgiza kai ko ta ɗaga hannu sama don burge kowa ba. Kafaɗunta a tsaye suke, aikin duka yana yatsu da wuyan hannu, kuma duk da girman zauren babu kusurwar da sautinta bai kai ba.

Johann Sebastian Bach Bajamushe ne, an haife shi a 1685 ya rasu a Laifzig a 1750, kuma abin da ta kaɗa mana a daren ya fito ne daga littattafansa 2 da ya cika da kiɗan madannai, na farko a 1722, na biyu bayan kimanin shekara 20. Madannan piyano fari 7 da baƙi 5 ne suke ta maimaituwa daga hagu zuwa dama, kowanne daga cikin 12 ɗin nan ana iya gina kiɗa a kansa ta fuska biyu, mai walwala da mai alhini, sai ya zama 24. Bach ya bi su ɗaya bayan ɗaya a kowane littafi, ya ba kowanne sharar fage da kuma fuga, jimilla 48. Wahalar ita ce bai rubuta su don irin piyanon da muke gani a yau ba. Kayan kiɗan da ya fi yawa a zamaninsa shi ne hafsikod, wanda idan ka danna madanni sai wani ɗan tsinke da aka fiƙe daga gashin tsuntsu ya tsinkuni tsirkiya, ko ka danna da ƙarfi ko a hankali sautin kusan ɗaya ne. Piyano kuwa 'yan gudumomi masu laushin kai ne suke dukan tsirkiyar, yana iya yin raɗa yana iya yin tsawa, ga feda da ke riƙe sauti ya daɗe. Duk wanda ya zauna a gaban piyano zai kaɗa Bach, to an ba shi ikon da mai kiɗan bai tanada ba, kuma a nan ne ake gane mai hankali da wanda iko ya ruɗa, domin kaɗan daga cikin fedar nan idan ta yi yawa sai muryoyin su cakuɗe su zama hayaniya.

Fuga kiɗa ne da murya ɗaya take fara wani gajeren kari ita kaɗai, kafin ta ƙare tafiyarta sai ta biyu ta ɗauki karin nan daga wani mataki, ta farkon kuma ba ta yin shiru, tana ci gaba da nata zancen, haka ta uku da ta huɗu za su shigo, kowace da hanyarta, kuma dole su dace da juna a kowane bugu. Wadda ta kama ni ita ce ta 4 a littafi na farko, mai muryoyi 5, wato mutum ɗaya mai yatsu 10 yana riƙe da zance 5 a lokaci guda. Karinta bai wuce sautuka huɗu zuwa biyar ba, masu nauyi, yana farawa daga can ƙasa a hannun hagu, muryoyin suna shigowa suna hawa har ta ƙarshe ta fito a sama, daga baya kuma wasu karuruwa biyu su shigo, ɗaya mai gudu ɗaya mai nanata sauti ɗaya, su haɗu da na farkon. Ni da ban taɓa karanta harafin kiɗa ba, na iya bin kowace murya da kunnena a hannun wannan baiwar Allah, domin duk wadda lokacinta ya zo sai ta ɗan ɗaga ta, ta sassauta sauran ba tare da ta kashe su ba, kuma murya ta tsakiya, wadda take faɗawa tsakanin manyan yatsun hannu biyu, wadda makaɗa da yawa suke bari ta nutse, ita a wurinta tana da nata launi daga farko har ƙarshe. Ba ta yi gaggawa ba ko a inda kiɗan ya yi kauri yana neman ya ja ta, kuma da ta iso ƙarshe, inda sautin ƙasa yake tsayawa wuri ɗaya sauran suna warwarewa a kansa har alhinin ya juye ya zama walwala, ta bar shi ya kai iyakarsa kafin ta ɗage hannu.

A wannan zama ne maganar Baffa ta faɗo mini, wadda tun ina yaro nake jinta a zaurenmu na Zariya ban ɗauke ta da nauyi ba. Duk wanda ya san gidanmu ya san Baffa da allurarsa, ya san rigar aska takwas tana iya yin watanni a cinyarsa mai ita yana ta aike, shi kuwa amsarsa ɗaya ce ga mai riga da mu yaransa: “Gwani ba ya sauri, mai sauri bai gama koyo ba.” Yadda yake bin zare ɗaya a cikin zanen da ya cika da zaruruwa, ya san inda kowanne ya nutse da inda zai sake ɓullowa, haka na ga tsohuwar nan tana yi da muryoyin Bach. Na rubuta wa Baffa wasiƙa a kan haka a cikin makon, Yaya ne ya karanta masa, kuma daga baya Inna ta gaya mini cewa Yaya ya tsallake wannan sashe gaba ɗaya, ya ce shirme ne na wanda aka tura karatu ya koma yawon gidan kiɗa. Baffa ya rasu bai ji cewa maganarsa ta bi ni har Mosko ba, wannan kuwa shi ne na farko a cikin abubuwa biyu da nake bin Yaya a kan wannan al'amari.

A hanyarmu ta komawa malamata ta ba ni tarihinta. An haife ta a 1924 a Bezhitsa ta yankin Bryansk, ta yi karatu a hannun Alexander Goldenweiser a wannan kwaleji da muka fito, kuma ita ma ta koyar a cikinta tun 1959. A 1950, da Bach ya cika shekara 200 da rasuwa, aka shirya gasa a Laifzig, ta je tana da shekara 26 ta shaida wa alkalai cewa su zaɓi duk wanda suke so daga cikin 48 ɗin nan za ta kaɗa shi da ka, ta kuwa zo ta ɗaya. Dmitri Shostakovich, babban mai tsara kiɗa ɗan Rasha, yana cikin alkalan, abin ya shige shi har ya koma gida ya rubuta nasa 24 a cikin 'yan watanni, kuma ita ce ta fara kaɗa su gaba ɗaya a bainar jama'a a Leningirad a Disambar 1952. Ke nan lokacin da na gan ta, ta riga ta shafe fiye da shekara 35 tana zaune da wannan kiɗa, tana kaɗa shi tana koyar da shi, kuma nutsuwar da na gani a yatsunta daga wannan daɗewar ta fito. Na tabbata yarinyar da ta ci gasa a 1950 ta fi tsohuwar ƙarfin hannu, amma ban yarda ta fi ta sanin wace murya ce za a ba hanya a wane lokaci ba.

Tun daga ranar na riƙa ragewa daga ɗan alawus ɗina ina zuwa kantin Melodiya na titin Kalinin, inda faifan irin wannan kiɗa bai kai rubul 2 ba, na tara nata da na wasu, na naɗe su a cikin riguna na kawo su gida a 1990 a akwatin ƙarfe, babu wanda ya fashe a hanya. Da zan tafi bautar ƙasa na bar akwatin a ɗakina na ƙofar gida. Kafin in dawo Yaya ya ƙara aure, yana bukatar ɗakin, ya fitar da kayana, ya miƙa wa yaran gida faya-fayan su yi wasa, waɗanda suka rage kuma rana ta lanƙwasa su a kan rufin kicin. Da na tambaye shi bai ba ni haƙuri ba, cewa ya yi: “Kai ma ka san ba za a ajiye mana kiɗan coci a gidan nan ba.” Ban amsa masa ba a lokacin domin Inna tana zaune kuma yayana ne, amma amsar tana nan, kuma ga ta. Gaskiya ne Bach ya yi aikin coci a Laifzig tun daga 1723 har ya rasu, ya kuma rubuta kiɗan ibadarsu da yawa. Amma littafin farko a garin Koten na Jamus ya kammala shi, yana ma'aikacin fadar wani yarima mai suna Leopold, inda ba a bukatar kiɗan coci daga gare shi, kuma shi da kansa ya rubuta a bangon littafin cewa ya yi shi ne don amfanin matasa masu son koyo da kuma nishaɗin waɗanda suka riga suka ƙware. Littafin darasi ne, babu waƙar baki ko kalma ɗaya a cikinsa, kuma da Yaya ya tambaye ni kafin ya buɗe akwatin da na yi masa wannan bayani cikin ladabi.

Shekarun baya kaɗan Auta ya nuna mini yadda ake nemo irin waɗannan abubuwa a YouTube, ya kuma haɗa ni da wani makaɗi ɗan Kanada, Glenn Gould, wanda malamata ta taɓa ambata cewa ya zo Mosko a 1957 ya rikita garin. Ya ɗauki wani aikin Bach da ake kira Goldberg sau biyu a faifai, kari ɗaya da aka juya shi ta hanyoyi 30: na 1955 yana saurayi ya gama a cikin minti 38, na 1981, shekara guda kafin rasuwarsa, ya kai minti 51. Mutane da yawa sun fi son na farkon saboda walƙiyarsa, ban kuma ce ba su da hujja ba, amma ni na biyun nake saurare, kuma duk lokacin da na sa shi sai in ce Baffa ya riga su faɗa, gwani ba ya sauri. Ita ma Nikolayeva ta ɗauki Goldberg a 1992 wa kamfanin Hyperion na Ingila, kuma wanda ya saurara da kyau zai ji wurare da yatsun suka ɗan yi nauyi, musamman inda hannaye suke giftawa juna, domin an rubuta aikin ne don hafsikod mai jerin madannai biyu, a piyano kuwa dole hannu biyu su yi cunkoso a jeri ɗaya. Wannan nauyi bai rage mini komai ba, domin hannun hagunta yana waƙa a can ƙasa yadda ban ji na wani yana yi ba.

Ban sami labarin rasuwarta ba sai bayan shekaru, ina tsakiyar hidimar aiki da yara. Ranar 13 ga Nuwamba 1993 tana kan dandamali a San Faransisko ta Amurka, tana kaɗa 24 ɗin nan na Shostakovich, jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwarta, ta rasu ranar 22 ga watan tana da shekara 69. Ba ta ajiye aikin ba har ranar da ya ajiye ta, kamar Baffa, wanda aka samu rigar da bai ƙarasa ba a gefen shimfiɗarsa, wadda ita ma Yaya ne ya san inda ya kai ta. A ƙaramar sallar da ta wuce na sa Auta ya tura fuga ta 4 ɗin nan a wayar babban ɗan Yaya, na ce ya kunna wa mahaifinsa ya gaya masa cewa wannan ne abin da yake cikin akwatin, wannan ne kuma abin da na rubuta wa Baffa a wasiƙar da aka tsallake. Yaron ya ce ya kunna, Yaya ya saurara har ƙarshe, amma bai aiko mini da ko kalma ɗaya ba, ni kuwa ina jira, domin za mu haɗu a ɗaurin auren 'yar Goggo a wata mai kamawa kuma zan tambaye shi a gaban Inna.