Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Matar da Gwaggo ba ta gani ba

Makon jiya na tsaya a saukarmu Amurka a 1966, Malam yana karatu, ni ina zaman ɗaki. Abin da ya ɗebe min kewa shi ne tsohuwar talabijin da mai gidan hayar ta bar mana, da wata mata, Lucille Ball, da ke fitowa duk daren Litinin. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma in ta zaro ido ta wage baki tana kuka kamar an ƙwace wa yaro alewa, sai in yi dariya har da hawaye.

Gwaggo, Allah ya jiƙanta, cewa take: "Macen da ke ba mutane dariya, ita ce abin dariyar." Tun ranar da na kwaikwayi tafiyar Baffa a gidan suna ta sa min ƙahon zuƙa. Ko ranar da za a kai ni ɗakin Malam, da wannan maganar ta sallame ni.

To, maƙwabciyata ce ta warware min labarin matar. A Jamestown ta jihar New York aka haife ta, 1911, uban ya rasu tana 'yar shekara uku. Da ta shiga makarantar wasan kwaikwayo, malaman suka rubuta wa uwarta cewa ɓata lokaci take. Ashe kowace ƙasa da Gwaggonta! Ta auri Desi Arnaz, makaɗi ɗan Kuba, a 1940, kuma sai da ta kafe kafin tashar CBS ta yarda ya fito a matsayin mijinta a I Love Lucy, wanda aka fara a 1951. A shekarar ta samu haihuwar fari, tana dab da arba'in. Nan na fi daɗewa ina tambaya, don kun san gorin da dangin Malam suka yi min, musamman mai bakin nan ta Ƙofar Mata, ba sai na ambaci suna ba.

Auren ya mutu a 1960. Maimakon ta naɗe hannu, a 1962 ta sayi kason tsohon mijin a kamfaninsu na Desilu ta hau kujerar shugabanci, mace ta farko da ta riƙe babban kamfanin shirye-shiryen talabijin a can. Muna ƙasar ta sayar da shi a 1967, dala miliyan 17. Abin dariya, in ji Gwaggo.

Na rubuto gida na sa a karanta mata. Amsar da Yaya ya aiko layi ɗaya ce: wai ta ce ai shi ya sa auren bai zauna ba. Lokacin da Lucille ta rasu a 1989 Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, ban samu na rama ba.

Mako mai zuwa zan shiga maganar keken ɗinkin da aka hana ni.